Tambayoyin da Aka Fi Yi Mana a Ɗakin Karatu Kan Littattafai, Marubuta da Tarihin Sakkwato

Teburin tambaya na ɗakin karatun jama'a a Sakkwato ba ya rabo da mutum uku: ɗalibin da aka ba aikin bincike har lokaci ya ƙure masa, dattijon da ke bin diddigin asalin gidansu, da wanda ya gaji adaka cike da takardun ajami ya rasa yadda zai yi da su. Tambayoyinsu ba su cika sauyawa ba, shi ya sa muka tara su wuri guda tare da amsar da muke bayarwa.

Ina son sanin tarihin jihadi da kafuwar Sakkwato. Da wane littafi zan fara?

Ka fara riƙe ƙashin bayan labarin, domin duk littafin da ka ɗauka a kansa zai ɗora. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta a 1754, ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto a watan Yuni na shekarar, aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809. Shehu ya zauna Sifawa kafin ya komo Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817. Bello ya rasu a Wurno a 1837. Turawan Ingila suka ci birnin ranar 15 ga Maris 1903.

Sa'ar da Sakkwato ta yi ita ce waɗanda aka yi abin da su sun zauna sun rubuta shi. Mai jin Larabci ya nemi Infaƙul Maisuri na Bello, wanda ya kammala a 1812, da Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi na Gwandu, sai Raudul Jinani na Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Mai Hausa zalla ya fara da Tarihin Fulani na Waziri Junaidu, ya haɗa da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, juzu'i biyu da aka buga a farkon shekarun 1930, wanda yawancinsa fassarar takardun Larabci ne. Mai Ingilishi kuwa ba shi da abin da ya fi The Sokoto Caliphate na Murray Last, bugun 1967. Ƙarfin wannan littafi ya zo ne daga takardun gidan Waziri da marubucin ya zauna a kansu, shi ya sa kashi mai yawa nasa bayanin sarautar Waziri ne.

Tunda da hannunsu suka rubuta, ashe abin da ke ciki shi ne magana ta ƙarshe?

Shaida ce mai nauyi, amma ta ɓangare guda. Bello jagoran yaƙi ne, yana rubutu yana kare hujjar jama'arsa. Abin yabo ne da ya saka wasiƙun da suka yi musaya da Shehu Al-Kanemi na Barno, har da inda Al-Kanemi ke ƙalubalantar hujjar kai wa Barno yaƙi, don haka mai karatu yana jin muryar abokin gaba a cikin littafin kansa. Malam Abdullahi shi ma bai ɓoye ɓacin ransa ba. A Tazyinul Waraƙati ya faɗi yadda ya ga son duniya ya fara shiga jama'a har ya bar rundunar da niyyar nufar gabas, ya tsaya Kano, inda ya rubuta Liya'ul Hukkami.

Labarin Gobirawa da Kabawa ba za ka same shi cikakke a waɗannan littattafai ba. Sai ka nufi Sabon Birni, da Tsibiri da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, da Argungu inda Gidan Tarihi na Kanta yake. Raudatul Afkari na Abdulƙadir ɗan Tafa yana taimakawa kan sarakunan Gobir kafin jihadi. Rubutun baƙi kuma, irin su Kilafaton da ya zo a 1824 ya dawo ya rasu a nan a 1827, da Barth da ya ratsa Wurno da Sakkwato da Gwandu a 1853, suna da amfani wajen siffanta kasuwa, ganuwa da farashin kaya. Inda suka shiga fassara niyyar mutane kuwa, a karanta da taka-tsantsan.

Na duba jerin littattafai ban ga sunan Shehu ba. Yaya haka?

Yana nan, rubutun sunan ne ya bambanta. Mutum guda za ka tarar da shi a matsayin Usman dan Fodio, Uthman ibn Fudi, Usmanu Danfodiyo, wani lokaci a ƙarƙashin harafin F, wani lokaci U ko D. Gwandu tana zuwa da Gando a tsofaffin littattafai, Sakkwato kuma Kilafaton ya rubuta ta Sackatoo. In kwamfuta kake nema da ita, gwada da haruffa masu lanƙwasa, sannan ka sake gwadawa babu su, domin na'ura ba ta ɗaukar Giɗaɗo da Gidado a matsayin suna ɗaya.

Hanya mafi sauri ita ce ka je kanta da ƙafarka. A laburaren da ke bin tsarin Dewey, addinin Musulunci yana lamba 297, tarihin Nijeriya 966.9, nahawu da ƙamusun Hausa 493.72, adabin Hausa 893.72, tarihin rayuwar mutane 920. Laburaren jami'a galibi wani tsari yake bi mai haɗa haruffa da lambobi, kada ka ɗauki lambar nan ka kai can. Wanda ke son sanin ko wani littafin Larabci na Shehu ne da gaske ko jingina masa aka yi, ya duba juzu'i na biyu na Arabic Literature of Africa wanda John Hunwick ya tattara a 1995. Yana jera sunan kowane littafi da wuraren da kwafensa suke.

Ni ɗaliba ce, an ba ni aiki kan Nana Asma'u. Ina zan sami waƙoƙinta?

Nana Asma'u ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Fulatanci, Larabci da Hausa. Abin da zai fi miki amfani shi ne Collected Works of Nana Asma'u na Jean Boyd da Beverly Mack, bugun 1997, saboda ya kawo matanin asali tare da fassara. The Caliph's Sister na Boyd, 1989, tarihin rayuwarta ne, ya kuma yi bayanin 'Yan Taru, wato mata ɗalibanta, da jagororinsu da ake kira jaji, waɗanda take naɗawa su kai karatu ƙauyuka.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su ɗauki kowace waƙar Hausa da ke ɗauke da sunanta a matsayin yadda ta fito daga bakinta. Wasu da Fulatanci ta tsara su, ɗan'uwanta Isa ya mayar da su Hausa, Waƙar Gewaye na cikinsu. Wasu kuma na Shehu ne ita ta fassara, kamar Tabbat Haƙiƙa. Kafin ki yi sharhin salon wata waƙa, ki tabbatar wa ya tsara, wa ya fassara, da wane harshe aka fara.

Me ya sa littafi biyu ke ba da shekara daban-daban ga abu guda?

Mafi yawan lokaci babu wanda ya yi ƙarya. Malamanmu da shekarar Hijira suke lissafi, ita kuwa ta gaza ta Miladiyya da kwana goma sha ɗaya, don haka kusan kowace shekarar Hijira tana taka shekarun Miladiyya biyu. Shekarar 1218 ta faro a 1803 ta ƙare a 1804. Wanda bai san watan ba, zai iya rubuta kowacce. Hijirar Gudu a Zulƙida ta faɗo, kusa da ƙarshen shekarar, shi ya sa ta zama 1804.

Lissafin gaggawa shi ne ka ninka shekarar Hijira da 0.97 ka ƙara 622. Gwada da 1232, shekarar rasuwar Shehu: za ka sami 1817. Wannan lissafi yana iya kuskure da shekara guda, don haka aikin da za a buga sai an koma jadawalin da ke nuna rana da wata.

Akwai wani tarko kuma, wato ramzi, inda ake rubuta shekara da haruffa a baitin ƙarshe na waƙa. Malaman ƙasar nan lissafin Magariba suke bi, ba na Gabas ba. A na Magariba shinun 1000 ne, a na Gabas 300. Haɗa shinun, ra, lam da ba: a lissafinmu 1000 da 200 da 30 da 2, wato 1232. Wanda ya ɗauko jadawalin Gabas daga intanet zai sami 532, ya mayar da waƙar baya da shekara ɗari bakwai. Haruffa shida ne suka saɓa tsakanin tsarin biyu: sinun, shinun, sadi, ladi, zadi da angai. In ramzi ya ba ka shekarar da hankali bai ɗauka ba, a nan za ka fara dubawa.

Mun gaji takardun Larabci da ajami daga kakanmu. Yaya za mu adana su?

Abu na farko, kada ku gyara komai. Takardun da suka fi lalacewa a hannun magada ba waɗanda aka manta da su a gafaka ba ne, waɗanda aka so aka yi wa gata ne. Salatif yana rawaya cikin 'yan shekaru, danƙonsa ya nutse cikin takarda ya bar tabon da ba ya fita. Laminatin ya fi muni, domin zafi da leda suna manne wa tawada, ba kuma a iya warware shi. Fotokwafi yana sa a danne takarda a kan gilashi, tsohuwar takarda kuwa a lanƙwasa take karyewa. Kada a fesa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a kansu, kada a sa ƙusar sitefula ko kilif na ƙarfe, tsatsa ke cin wurin.

Na biyu, kada a sake jera su. Littattafanmu na da ba a ɗinke su, warƙa-warƙa suke tsakanin bango biyu. Abin da ke riƙe jerinsu shi ne kalmar da mai kwafa ke rubutawa a ƙasan shafi ta hagu, wadda ita ce kalmar farko ta warƙa ta gaba. In an riga an hautsina su, da wannan kalma malami zai mayar da kowace warƙa gurbinta. Kafin nan, ku bar su yadda kuka same su, ku sa lamba ƙarama da fensir a kusurwar sama. Fensir kawai, ban da biro.

Sai shara. A wanke hannu a bushe shi sarai, a shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, a share ƙura da buroshi mai laushi daga tsakiya zuwa gefe. Ba a goge tawada da ɗanyen tsumma, domin tawadar gargajiya da ƙaro ake haɗa ta, ruwa na taɓa ta za ta narke. Ba a lasar yatsa a buɗe shafi.

Kowane littafi a naɗe shi da farar takarda marar rubutu ko farin ƙyallen auduga da aka wanke. Jarida ba ta yi, tana da tsami, tawadarta kuma tana bin abin da ta taɓa. A kwantar da su kwance, manya a ƙasa, kada tulin ya wuce taƙi guda. Akwatin ƙarfe yana tsare ɓera da gara, amma a shimfiɗa kwali a cikinsa, a ɗora shi kan benci ko bulo, a janye shi daga jikin bango. Gara ta ƙasa da bango take hawowa, tana kuma iya cinye cikin littafi ta bar bangonsa lafiya lau, har sai ranar da aka buɗe. Ɗakin da kwano ke gasa shi da bazara bai dace ba, haka ɗakin da ke yoyo. Leda ma kada a ƙulle su a ciki, tana tara gumi da damina.

A riƙa buɗe akwatin sau uku a shekara: kafin saukar ruwa, cikin Agusta lokacin da laima ta fi yawa, da tsakiyar hunturu. Abin dubawa shi ne garin takarda a ƙasan akwati, ƙananan huji, hanyar ƙasa ta gara, da warin fumfuna. Da hunturu takarda ta fi bushewa da saurin karyewa, sai a rage taɓa ta.

Ruwa ya shiga ɗaki ya jiƙa littattafai. Me za mu yi yau-yau?

Fumfuna kan kama cikin kwana biyu zuwa uku, don haka ba a jira. Kada a shanya a rana, takarda za ta kakkanɗare. A kai su inuwa mai iska, a kunna fanka tana kaɗa ɗakin ba tana dukan takardun kai tsaye ba. Littafin ɗab'i a tsayar da shi a buɗe kamar tanti in bai jiƙe sharkaf ba. In ya jiƙe, a kwantar da shi a riƙa cusa farar takarda bayan kowane shafi ashirin, ana canzawa da zarar ta sha ruwa. Rubutun hannu kuwa a shimfiɗa warƙa ɗaya-ɗaya bisa jerinsu, ba a dannawa, ba a gogewa. Waɗanda suka manne da juna a bar su haka a kai wa masu aikin adana takardu. Ɓamɓarewa da ƙarfi ita ke tafiya da rubutun.

Ta yaya za mu san shekarun takardun, kuma wa za mu nuna wa?

Ku duba shafin ƙarshe, inda aka rubuta tammat. A nan mai kwafa kan faɗi sunansa, wani lokaci da wanda ya kwafa wa da shekara. Ku bambance mai littafi da mai kwafa: ganin sunan Shehu a farkon littafi ba ya nufin hannunsa ne, an yi ta kwafar littattafansa har cikin ƙarni na 20. Ɗaga warƙa guda a gaban haske. Sau da yawa za ku ga tambarin jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar, alamar takardar Italiya da fatake ke kawowa ta Sahara. Tana nuna tsufa, amma ba ta yanke shekara, saboda an daɗe ana shigo da irinta.

Wuraren da ke da masana wannan aiki sun haɗa da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a nan Sakkwato, Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Gidan Arewa a Kaduna. Ba dole ne ku rabu da takardunku ba. Ku ɗauki hotonsu da waya: kusa da taga da safe, ban da filasha, wayar na kallon takarda daga sama sak, da rula a gefe don a san girmanta. A ɗauki gaba da baya na kowace warƙa har da marasa rubutu, a ajiye hotunan wuri biyu. In za ku ba da aro ko kyauta, a rubuta takarda mai ɗauke da adadin warƙoƙi, sharuɗɗa da sa hannun shaidu, kuma sauran magada su sani.

Ina son rubuta tarihin garinmu, amma ban ga littafi a kansa ba.

Yawancin garuruwa ba su da littafi, suna da kundi. Ɗaliban tarihi da na Hausa a jami'a da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari sun rubuta kundayen kammala karatu kan garuruwa da sarautu da yawa, a laburaren sashe ake samunsu. Ingancinsu ya bambanta ƙwarai, amma jerin mutanen da aka yi hira da su a ƙarshen kundi kan nuna maka gidajen da za ka nufa. Takardun zamanin Turawa, irin rahoton kimanta haraji na gundumomi da naɗin hakimai, suna Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ƙarƙashin alamar SOKPROF. Ka tuna Lardin Sakkwato na da ya haɗa da Kabi da Zamfara, waɗanda suka zama jihohi a 1991 da 1996. Ka nemi garinku da sunan gundumarsa ta da, ba da sunan ƙaramar hukumar yau ba.

Wajen hira da dattawa, kada ka tambayi shekara, ka tambayi zamani. In Baba ya ce zamanin Sarkin Musulmi Hassan ne, ka san tsakanin 1931 da 1938 ke nan. Zamanin Abubakar na Uku ya yi tsawo, 1938 zuwa 1988, sai ka tsaga shi da wasu alamu: kafin rasuwar Sardauna a 1966 ko bayanta, kafin canjin hannu na 1972, kafin naira ta shigo a 1973. Ka rubuta sunan mai ba da labari, inda aka yi hirar, ranar, da wanda shi ya ji daga bakinsa. Ka ji gidan sarauta, ka ji gidan liman, ka ji maƙera da masunta da tsofaffin mata, kowa daban. In ka tara su zaure guda, bakin babba kaɗai za ka ji.

Waƙoƙin Narambaɗa da su Ɗankwairo suna cikin littafi?

An rubuta da yawa, na Ibrahim Narambaɗa, Salihu Jankiɗi, Musa Ɗankwairo da Ɗan Anace, a littattafan manazarta irin su Sa'idu Muhammad Gusau da Aliyu Muhammad Bunza da kuma kundaye. Shawararmu ita ce ka karanta kana sauraren faifan. Masu rubutawa da ba su saba da Sakkwatanci ba sukan mayar da hwaɗi faɗi, halshe harshe, shina yana, da haka kari ya karye, wani lokaci ma'ana ta sauya. In kai ne mai rubutawa, ka rubuta abin da makaɗin ya furta, bayanin ya zo a ƙasa.

Me ya sa ba a ba da aron wasu littattafai zuwa gida?

Ƙamus, kundi, tsohuwar jarida da duk littafin da kwafi guda ya rage ba sa fita. Ƙamusun Bargery na 1934 ko ɗaurin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, in suka salwanta kasuwa ba ta da madadinsu. A zauna a karanta, a nemi izini kafin ɗaukar hoto.

Na rubuta littafi. Yaya zai shiga laburare?

Ka nemi lambar ISBN daga Laburaren Ƙasa kafin a buga, ba bayan an buga ba, kuma kada ka karɓi lambar da maɗaba'a ta taɓa sa wa wani littafi. Doka ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi uku Laburaren Ƙasa. Bayan haka ka kawo wa laburaren jiha da na jami'a, aƙalla biyu-biyu, ɗaya na aro ɗaya na ajiya.

Abubuwan da ke ba mu wahala wajen shigar da littattafan da ake bugawa a gida kusan kullum guda huɗu ne. Babu shekarar bugu. Babu sunan gari da maɗaba'a. Sunan marubuci a bango ya saɓa da na shafin ciki. Sai haruffa masu lanƙwasa da suka zube ko suka koma akwati-akwati saboda maɗaba'a ta sauya zubin rubutu, shi ya sa ya kamata ka karɓi samfurin bugu ka karanta shi shafi-shafi kafin a saki injin. Wajen ɗauri kuma, littafin da ya wuce shafi ɗari ka biya a ɗinke shi da zare. Wanda aka liƙe da gam kawai, in ya sha zafin Afrilu ya bi hannun masu aro goma, shafukansa za su fara zubowa daga tsakiya.